Mun Sayi Firinta, Ashe Makullinta Na Hannun Wasu



A zamanmu na watan jiya wani dattijo daga cikinmu ya yi mini tambayar da na san ta daɗe a zukatan mutane da yawa. Ya ce, "Sakatare, tunda ƙungiya tana da firintarta, me ya sa har yanzu muke ganin rasiɗin shagon kwamfuta a cikin lissafi?" Magariba ta gabato, sai na ce masa firintar ce ta samu matsala, aka yi addu'a aka tashi. Da na koma gida na ji amsar ko ni ba ta gamsar da ni ba, balle shi. Kuɗin da aka sayi firintar nan kuɗin wata-wata ne da kuke bayarwa, wasu daga albashi, wasu daga cinikin kasuwa, wasu sai sun sayar da kwanon gero. Kuma ni na tsaya kai da fata sai da aka saye ta. Don haka haƙƙinku ne ku ji cikakken bayani.

A farkon 2022 na kawo shawarar. Duk wanda ya taɓa riƙe sakatare ya san aikin rabinsa takarda ne: takardar gayyata, minit na taro, wasiƙar ta'aziyya, wasiƙar neman tallafi, da silif na JAMB na yaran da muke biya wa kuɗin jarrabawa. Kowace ɗaya sai na hau babur na tafi shago, na tarar da layin ɗaliban kwalejin ilimi masu buga furojet, ko na tarar babu wuta kuma mai shago yana jiran a taru kafin ya tayar da janareta. Abin da ya fi damuna shi ne jerin sunayen marayu da matan da mazajensu suka rasu waɗanda muke tallafa wa da azumi. Sunayen nan sirri ne, amma sai su kwana a kwamfutar shago inda kowa ke iya buɗewa. Da wannan hujjar na shawo kan kwamiti.

Mutum ɗaya ne ya ja da ni, wato Ma'aji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Sakatare, na ji kuɗinta. To me take ci?" Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Ba wasa nake ba. Ko doki aka ba ka kyauta, ai sai ka tambayi kuɗin harawa kafin ka ɗaure shi a ƙofar gida." Na ce masa tawada ce kawai, ba ta da wani tsada. Gaskiyar magana ban taɓa tambayar kuɗinta ba.

Na bi motar safe zuwa Kano, na sayo ta a wajen Beirut Road. 'Yar ƙarama ce mai aiki uku: tana bugawa, tana fotokwafi, tana sikanin. Kuɗinta bai kai abin da kwamiti ya ware ba, har na dawo da canji ina ta alfahari. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin daga baya na gane halin ba na kamfani ɗaya ba ne.

Wata biyu ba su cika ba fitila ta fara ƙiftawa, tawada ta ƙare. A nan na fara sanin cewa katirij ɗin da ke zuwa a cikin kwali, wato ɗan kwanson da tawadar ke ciki, galibi na somin taɓi ne, ba a cika shi kamar na sayarwa. Da na tambayi kuɗin sababbi, baƙi da mai kala, sai na ji guda biyun sun haura rabin kuɗin firintar gaba ɗaya. Na kasa kai wannan lissafi gaban Ma'aji. Sai wani abokin aiki ya nuna mini wani matashi mai gyara a kusa da kasuwa. Da sirinji da kwalbar tawada ya cika mana su a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Haka muka yi ta yi har katirij na asali suka gaji, rubutu ya fara fita da zane-zane. Daga nan ya samo mana irin waɗanda wasu kamfanoni ke yi, ba na masu firintar ba, amma suna shiga daidai, rubutu kuma ya fita fes. Fiye da shekara guda ba mu da kuka.

Sai Babbar Sallar 2024.

Kun san babban taronmu na shekara kwana uku bayan Sallah muke yinsa, lokacin da 'yan uwa na Kano da Bauchi da Abuja da Legas suka dawo gida, an gama kallon hawa, kafin kowa ya kama hanya. A taron ne ake raba rahoton kuɗi, kowa ya riƙe nasa kwafi ya bi da ido. Ni da Ma'aji mun yi mako guda muna haɗa shi, kwabo bai ɓace ba. Na bar bugawa sai daren taro saboda hidimar layya da baƙi. Da rana kuma babban ɗana ya haɗa firintar da intanet ɗin wayata don ya buga hoton sallah kai tsaye daga waya. Ya ce mini ta nuna tana sabunta manhajarta, ya bar ta ta gama. Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Bayan isha'i na zauna zan buga kwafi sittin. Ta ƙi. A fuskarta ga saƙo, wai ba ta amince da katirij ɗin da ke cikinta ba. Katirij ɗin da ya yi aiki da safiyar ranar, cike da tawada. Na cire na goge na mayar. Na kashe na kunna. Na zare waya daga bango na jira na sake jonawa. Yaron yana tsaye jikinsa a sanyaye yana cewa, "Baba, wallahi ban taɓa komai ba." Na ce masa ya je ya kwanta, ba laifinsa ba ne. Na kira mai gyara, ya tafi ƙauyensu yin sallah. Shagunan da na sani duk a rufe.

Washegari na tsaya gabanku hannu rabbana, na karanta rahoton daga waya. Na tura shi a WhatsApp, amma dattawanmu da yawa ƙaramar waya suke riƙewa. Ina cikin karantawa na ji wani daga baya yana cewa, "Yau kuma maganar kuɗi da baki za a yi?" Wani ya ce bara an raba takarda, bana me ake ɓoyewa? Shugaba ya kwantar da ƙura, Allah Ya saka masa da alheri. Amma na kalli Ma'aji, mutumin da ya shekara yana riƙe amana ba tare da ko sisi na lada ba, ya sunkuyar da kai ana yi masa kallon zargi a kan abin da shi ne ma ya gargaɗe ni a kai. Bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi a kan faɗa. Bayan kwana biyu na buga rahoton a shago na bi dattawa gida-gida na miƙa musu. Amma waɗanda suka riga suka koma Legas da Abuja da wannan tunanin suka tafi.

Da mai gyara ya dawo na kai masa ita. Ya duba, ya ciro katirij ya nuna mini wani ɗan guntun lantarki a jikinsa wanda bai kai farce ba, suna kiransa cif. Ya ce, "Yallaɓai, ba lalacewa ta yi ba. Umarni aka ba ta." Ya yi mini bayani cewa duk lokacin da aka sa katirij, firinta tana tambayar cif ɗin ko na gidansu ne. Da can tana karɓar na waje. Ranar da ta hau intanet aka turo mata sabuwar doka daga nesa, ta daina. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na ce a mayar da ita yadda take. Ya ce wasu samfurin ana iyawa, wannan bai samu hanya ba. Mafita ɗaya, a sayi na asali. Da muka tambaya, kuɗin guda biyu ya zarce abin da na sayi firintar a 2022.

Tun daga ranar na shiga karance-karance a kan lamarin, sai na ga ashe ba mu kaɗai ba ne, kuma ba tsautsayi ba ne, tsarin kasuwanci ne. Ana sayar da ƙananan firintoci da araha, wani lokaci ma a kan faɗuwa, don a mayar da kuɗin a wajen tawada. A watan Janairun 2024 shugaban kamfanin HP, Enrique Lores, ya faɗi hakan da bakinsa a wata hira da tashar CNBC. Ya bayyana cewa suna faɗuwa a kan na'urar, riba a tawada take, don haka mai sayen da ba ya buga takardu da yawa ko ba ya amfani da tawadarsu jari ne da ya faɗi. Ya kuma ce burinsu nan gaba shi ne buga takarda ya koma biyan kuɗin wata-wata. Tambayar da Ma'aji ya yi aka yi masa dariya, ashe ita ce ginshiƙin kasuwancin duka.

Rufe firinta daga nesa ma ba sabon abu ba ne. A watan Satumban 2016 firintocin HP masu yawa a ƙasashe daban-daban suka wayi gari sun daina karɓar katirij na wasu kamfanoni, sakamakon wata manhaja da aka tura musu watanni kafin nan. An yi ca a kan kamfanin har ya nemi afuwa a kan rashin sanar da mutane. A Disamban 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar kamfanin Yuro miliyan 10 saboda bai fayyace wa masu saye wannan takunkumi ba. A Amurka kuwa, kamfanin Lexmark ya kai ƙarar wani ƙaramin kamfani mai suna Impression Products da ke sake cika tsofaffin katirij yana sayarwa. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a watan Mayun 2017 ta yanke cewa da zarar ka sayar da kaya, ba za ka fake da haƙƙin ƙirƙira ka hana mai saye yin yadda yake so da kayansa ba. Wato sana'ar da matashin nan yake yi da sirinji a kasuwar Azare, irinta ce aka yi shari'a a kanta har kotu mafi girma a Amurka.

Adalci ne in faɗi hujjar kamfanonin. Suna cewa tawada marar kyau tana toshe kan firinta, cif na waje yana iya zama kafar kutse, kuma jabu sun cika kasuwa. Maganar jabu gaskiya ce, dukkanmu mun san ana sayar da na bogi a cikin kwali mai kama da na asali, a kuma karɓi kuɗin na asali. Amma gargaɗi daban, kullewa daban. Wanda ya sayar mini da babur yana iya ce mini bakin mai kaza ya fi, in na sa wani injin ya buga ba ruwansa. Wannan na yarda. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ya zo cikin dare ya sa wa babur ɗina kwaɗo don na sayi mai a wani wuri. Da yawanmu mun taɓa sayen modem ko waya da aka kulle a kan layi ɗaya, amma aƙalla tun ranar saye ake sanin haka. Ita wannan bayan shekara biyu aka sauya sharaɗin ciniki ba a tambaye mu ba.

Kuma abin ya fi yi mana ciwo a nan fiye da mutumin Italiya ko Amurka. Na farko, da dala ake shigo da tawada. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, alhali kuɗin wata-wata na ƙungiyarmu bai motsa ba. Na biyu, nisa. In babu irin katirij ɗinka a Azare, sai an bi ta Jama'are da Wudil zuwa Kano, ko a yi saƙo a mota a jira, in ya zo ba daidai ba kuma a sake sabon lale. Mutumin Katagum ko Gamawa ko Yana nasa ya fi namu, don sai ya fara zuwa Azare tukuna. Na uku, yanayinmu. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna busar da tawada a bakin katirij in an kwana biyu ba a yi aiki ba, ita kuma firinta da tawadar take wanke kanta. Kana bugawa tana ci, ba ka bugawa tana ci. Wasu ma in kala ɗaya ta ƙare sai su ƙi buga baƙin rubutu.

Akwai kuma wani tarko da nake so 'yan uwanmu na ƙasashen waje su sani, domin bayan taron wani ya yi alkawarin aiko mana da firinta daga can, Allah Ya saka masa. Wasu kamfanoni suna raba duniya shiyya-shiyya, firintar wata shiyya ba ta karɓar katirij na wata. Misali, akwai katirij na HP da lambarsa 63 a Amurka, 302 a Turai, 123 a nan Afirka da Gabas ta Tsakiya. A ido kamarsu ɗaya, amma ba lallai wannan ya yi aiki a gurbin wancan ba. A shagon mai gyaran nan na ga firintoci jibge, da yawansu na gwanjo ne ko tsaraba daga waje, lafiyarsu ƙalau, abin da za su ci ne babu.

Wani labari guda ya ba ni ƙwarin gwiwa. A ƙasashe irin su Indonesiya masu gyara sun daɗe suna jona wa firinta tankin tawada daga waje da 'yan siraran tiyo, kamar yadda namu suke yi. Da abin ya yi yawa, a 2010 kamfanin Epson ya fito da firinta mai tankinta na asali a can Indonesiya, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Yau Canon da HP da Brother duk suna da irinta. Talakawa masu dabara ne suka nuna wa manyan kamfanoni hanya. Sai dai mai tanki ta fi tsada a ranar saye, kuma ita ma tana da nata, domin wasunsu suna da soson da ke tsotse ragowar tawada, in na'ura ta ƙirga cewa ya cika sai ta tsaya har sai an yi mata sabis. Ita kuwa mai hodar tona, irin ta shaguna, ba ta bushewa kuma shafi a wajenta ya fi araha, amma tana jan wuta sosai, ƙaramin janareta ko ƙaramar sola da ƙyar suke ɗaukarta. Ba talla nake yi wa kowa ba, kowace da ranarta.

To ina aka kwana? Kwamiti ya yanke cewa ba za mu ƙara zuba kuɗi a tsohuwar firintar ba. Tana nan a kan kabad na rufe ta da ƙyalle, duk mai son gani bismillah. Takardu masu yawa muna bugawa a shago, shi ya sa kuke ganin rasiɗi. Takardun sirri kuwa ni da kaina nake kai su a filas, in tsaya a buga, a goge a gabana. Rahoton kuɗi daga yanzu mako guda kafin taro za a buga shi, wannan sakaci nawa ne, ba na kamfani ba. An kuma naɗa mutum uku, Ma'aji na jagoranta, su lissafa takardu nawa muke bugawa a shekara, da nawa kowane shafi zai tsaya mana a shago, da a mai tanki, da a mai tona. In lissafi ya nuna shago ya fi, to shago za mu ci gaba da zuwa, ba kunya a ciki.

Ga duk mai niyyar sayen firinta don gida ko makarantar Islamiyya ko ƙaramin ofis, kafin ka tambayi kuɗinta, tambayi kuɗin tawadarta da shafi nawa take bugawa. Tambayi ko ana samun ta a Azare. Je wurin mai gyara kafin ka je wurin mai sayarwa, shi ya san wadda ke karɓar ɗuri da wadda ba ta karɓa. In ka riga ka saya kuma kana amfani da katirij na waje, ka sa a kashe mata sabunta manhaja da kanta, ko ka bar ta a kan kebul kawai. Ka riƙa buga ko shafi ɗaya ne duk mako, ka rufe ta daga ƙura. Ka karɓi rasiɗi ka adana, domin akwai hukumar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kuma in an sayar maka da jabu da sunan na asali, da rasiɗi ake kai ƙorafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A ƙarshe, na je gidan Ma'aji na ba shi haƙuri tun a makon da abin ya faru, amma tunda a bainar jama'a aka yi masa kallon zargi, ya kamata a bainar jama'a in wanke shi. Littafinsa daidai yake, kwabo bai ɓace ba, kuma shi ne ya hango abin da ban hango ba. Ranar da na je ya yi murmushi kawai ya ce, "Sakatare, yanzu ka san abin da take ci?" Na ce na sani, ranka ya daɗe.

Duk ɗan ƙungiya da ke da ilimin wannan harka, musamman matasanmu masu sana'ar kwamfuta, muna gayyatarsa zama na gaba ya taimaka wa kwamitin da shawara. Wanda kuma abin da ya faru ranar taro ya ɓata wa rai, ina neman afuwarsa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ƙara haɗa kawunanmu, amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Azare.